Ruwan Goronyo da tambayoyin da ke jiran alƙalamin ɗaliban lauya

A watan Satumban 2010, ruwa ya cika madatsar Goronyo har aka buɗe ƙofofinta. Gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje daga Goronyo zuwa Wurno, ya kuma karya gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Bayan shekara takwas, a 2018, sai lamarin ya juya. Madatsar mai cin ruwa kubik mita miliyan 942 ta janye har ta koma kusan kashi 10 cikin 100, hankalin manoman rani ya tashi.

Duka biyun sun bar tambayoyin shari'a. Wa zai biya diyya idan sakin ruwa ya halaka shinkafa? Idan ruwa ya yi ƙaranci, wa za a fara bai wa, famfon birni ko mai albasa a fadama?

A Amurka, irin waɗannan tambayoyi ɗaliban lauya ne ke tattauna su a mujallun da suke gudanarwa da kansu. Su ke zaɓen maƙala, su tantance hujjojinta, su buga. Mujallar Ecology Law Quarterly ta Jami'ar Kalifoniya ta fara fitowa a 1971, ta Harvard kan dokokin muhalli kuwa a 1976. Alƙalai ma kan kafa hujja da rubutun irin waɗannan mujallu.

A Najeriya, mafi yawan fitattun shari'o'in muhalli na malalar mai ne a Neja Delta. Amma hukuncin Kotun Ƙoli na 2018, wanda ya bai wa ƙungiyoyi damar shigar da ƙara kan gurɓata muhalli, bai tsaya a kan yankin mai kaɗai ba.

Dokokin ma suna nan: ta mallakar ƙasa ta 1978, ta tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, ta albarkatun ruwa ta 1993, da ta sauyin yanayi ta 2021. Aikin da ya rage shi ne a auna su da halin da manomin Wurno yake ciki, ko na Rabah, wanda ruwan fadamarsa ke biyowa ta madatsar Bakolori.

Ɗaliban Sakkwato suna da wata dama ta daban, domin suna karanta shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tsara rabon ruwa: na sama ya shayar da gonarsa, sannan ya saki wa na ƙasa. Ko wannan ƙa'ida za ta iya zama ma'auni ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke kula da madatsun biyu?

Kafa mujalla a yau ba ya buƙatar maɗaba'a, shafin intanet ya wadatar. Sai dai a haɗa da taƙaitaccen bayani da Hausa, domin masu haƙƙin su san abin da doka ta tanadar musu kafin wata damina.