Hanyoyin Tsara Aikin Jinya a Asibiti

Likita zagaye yake yi, ya duba majiyyaci ya rubuta magani ya wuce, amma nas ita take wuni da shi ta kwana da shi. (An ce "ita" ne don sauƙin magana, ga shi kuwa a ƙasar Hausa maza da yawa suna wannan aiki.) Saboda haka duk wani tsari na raba aiki tsakanin nas-nas, da tambaya guda ake auna shi: idan wani abu ya sami wanda ke kwance a gado kaza, wa za a tuhuma?

Hanya mafi daɗewa ita ce a danƙa wa nas ɗaya majiyyata kaɗan, ta yi musu kome da kome har ta tashi daga aiki. Har yau haka ake yi a ɗakin masu ciwo mai tsanani, sai dai tana cin ma'aikata.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nas-nas da yawa a Amurka sun tafi aikin soja, asibitoci suka cike gurbinsu da mataimaka masu ƙaramin horo. Daga nan raba aiki bisa ga irinsa ya bazu, wato wannan ta raba magani, waccan ta yi allura, wata ta auna zafin jiki, wata kuma ta wanke gyambo. Babu shakka aiki yana sauri, to amma majiyyaci ya zama tamkar naman watanda, kowa da kasonsa. Mai raba magani ba ta san bai ci abinci ba tun jiya, mai wanke gyambo ba ta san zazzaɓi ya rufe shi da dare ba. A 1960 Isabel Menzies ta fitar da bincikenta a kan wani asibitin koyarwa na Landan, inda ta nuna cewa wannan tsari garkuwa ce da ke hana nas shaƙuwa da wanda zai iya mutuwa a hannunta. Sai dai garkuwar ba ta raba nas-nas da damuwa ba, ɗalibai da dama ma barin karatun suke yi.

Gyaran da Eleanor Lambertsen ta Jami'ar Kolumbiya ta bayyana a 1953 shi ne a kasa ma'aikata rukuni-rukuni, ƙwararriyar nas ta shugabanci mataimaka su lura da wani sashe na ɗakin. Idan shugabar ta raunana, rukunin yakan koma rabon aiki irin na da.

Marie Manthey da abokan aikinta a asibitin Jami'ar Minesota su ne suka fuskanci tambayar kai tsaye a 1969. A tsarinsu kowane majiyyaci yana da nas tasa da ya san sunanta, tun daga kwanciya har sallama. Ita take tsara jinyarsa, alhakin yana wuyanta dare da rana, masu canjinta kuwa abin da ta rubuta suke bi.

To amma tsari kome kyansa sai da yawan ma'aikata. Binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya ya gano cewa duk majiyyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Jihar Kaliforniya kuwa tun 1999 ta kafa dokar ƙayyade yawan majiyyatan nas, aka fara aiki da ita a 2004.

A asibitocin ƙasar Hausa, inda nas-nas suka yi ƙaranci, akwai wani mutum da waɗancan tsare-tsare ba su yi lissafi da shi ba, wato mai zaman jinya. Uwa ce ko mata ko ƙane, mai kwana a tabarma kusa da gado, mai ciyarwa da wanki da zuwa sayen magani. A zahiri shi kaɗai ne ba ya canjin aiki, shi ya san sa'ad da fitsari ya ɗauke ko magana ta fara rikicewa, alhali ba wanda ya koya masa ma'anar waɗannan alamu. Ya kamata a lokacin miƙa aiki nas mai karɓa ta tsaya bakin gado ta tambaye shi abin da ya gani, ta kuma gaya masa sunanta da alamun da in ya gansu zai kira ta nan take.