Na'ura Ta Kori Sarƙa Daga Filin Ƙwallon Amurka

Masu sha'awar ƙwallo a Potiskum, kamar sauran 'yan Nijeriya, ba su manta da ran 26 ga watan Yuni, 2018 ba, sa'ad da ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo na Ajantina a gasar cin kofin duniya. Alƙalin wasa ya je ya duba hoton bidiyo, ya dawo ya hana Nijeriya fenariti. Aka ci ta 2 da 1, ta fita daga gasar.

To, Amurkawa ma sun rungumi na'ura a irin tasu ƙwallon, wadda ake ɗauka a gudu da ita. A can ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi 10, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Shekara da shekaru, da sarƙa ake auna wannan tazara in an yi shakka. Amma a 2025 hukumar NFL ta danƙa aikin ga na'urar Hawk-Eye ta kamfanin Sony, watau kyamarori shida masu gano inda ƙwallo take, aka ajiye sarƙar don ko-ta-kwana.

Sai dai a tsarin nan, alƙali ne ke ajiye ƙwallo inda idonsa ya ga an kayar da ɗan wasa, kana na'ura ta auna. In ya kuskure da taƙi ɗaya, kuskuren nan na'ura za ta auna daidai wa daida. Saboda haka gyaran alƙalanci, can da nan, sai an haɗa da horar da alƙalai.