Karkacewar ƙashin baya: me ya sa aiki ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata?

Shekaru kan cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, har gadon baya ya karkace. Likitoci kan ɗaure shi da sukurori da sandunan ƙarfe, amma ma'aunin nasara shi ne kai ya zauna daidai bisa ƙugu. Idan ya rinjaya gaba fiye da santimita 5, ciwo da gajiya kan ci gaba. Ƙashin kuwa sai ya yi wata 6 zuwa 12 kafin ya haɗe.

Ga manomin Runka, wannan na nufin damina guda ba fartanya, ga zirga-zirgar ganin likita har Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, a yankin da 'yan bindigar dajin Rugu suka addaba. In bibiya ta yanke, sukurori na iya kwancewa ba a sani ba, bayan ya sake rankwafawa.