Wane Ne Mahaukacin?

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 26.

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, Helenawa kuwa suna da kalmomi da dama na hauka. Akwai "lussa", wato haukan kare, da kuma fushin mayaƙi a bakin dāga. Akwai "ekstasis", wato fitar mutum daga hayyacinsa. Wadda aka fi sani ita ce "maniya". Aflatun, masanin nan na birnin Atina, ya koyar cewa akwai maniya iri 4 da allolinsu suke saukarwa: ta duba, ta bukukuwan Diyonisus, ta waƙa, da ta soyayya.

Wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, Bulus yana tsare a Kaisariya. Aka kawo shi gaban gwamna Festas da Sarki Agaribas. Da ya ambaci tashin Almasihu daga matattu, sai Festas ya ɗaga murya, ya ce yawan karatu ne ya jefa shi cikin maniya (aya 24).

To, mu koma aya 11. A can Bulus ya riga ya mori kalma mai wannan tushe a kan kansa, sa'ad da yake ba da labarin yadda ya farauci masu bi har garuruwan waje. Ashe haukansa na gaske shi ne na dā, lokacin da manyan firistoci suke mara masa baya.

A aya 25 ya amsa wa Festas da ladabi, ya ce maganarsa ta gaskiya ce, ta "sofrosune" ce kuma, wato natsuwa da kamunkai. Daga wannan tushe Markus 5:15 ya ɗauki kalmar da ya kwatanta mutumin nan na makabarta, bayan Yesu ya warkar da shi, yana zaune da tufafinsa, cikin hankalinsa.

'Yan'uwa, wataƙila a gida ko wurin aiki an taɓa ce mana mun zautu saboda bangaskiyarmu. Idan muka rama da zagi da hargowa, mun gaskata mai zarginmu ke nan. Bari mu amsa kamar Bulus.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka ba mu natsuwa sa'ad da ake mana ba'a, ka tsare bakinmu. Cikin sunan Yesu, amin.