Tocilar Tafiya: Mai Arha ko Mai Tsada?

Ƴan uwa fatake, duk wanda ya taɓa raka kamiyon shanu daga Maraɗi, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya doshi Ikko, ya san dare shi ne rabin tafiyar. Cikin dare ne sa ke gajiya ya kwanta, in ba a gan shi da wuri ba sauran su tattake shi. Cikin dare ne ake ƙirga kawuna a zango, a duba igiya, a fito da takardu gaban ƴan duwan. Duk wannan aiki, tocila ce ke yin sa. Amma abin mamaki, mutum zai zuba dukiyarsa kaf cikin mota guda, sannan ya tsaya bakin tasha ya sayi tocilar da ta fi kowace arha.

Mu ma mun yi haka, mun kuwa ɗanɗana. Wata damina, tsakar dare, ruwa ya tsuge muna kan hanya. Yaron da ke saman mota ya ce ya ji wani sa ya faɗi. Muka danna tocilar da muka saya kwana uku da suka wuce, ta yi ƙyaf ta mutu, ruwa ya shige ta. Da hasken wayar hannu muka yi ta lalube, kafin mu kai gare shi har ya galabaita, dole muka sa wuƙa. Kuɗin da muka rasa a kan wannan sa ya isa sayen tocila ta ƙwarai ga kowa da ke cikin motar.

To, ina bambancin yake? Ba a ƙwan yake ba. Dattawanmu sun tuna tocilar da, mai ƙwan gilashi da ke ƙonewa. Ta yanzu ƙwan LED gare ta, wanda ya samo asali daga aikin wasu masana uku haifaffun Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Shi wannan ƙwai ba ya cin batir da yawa, kuma da wuya ya mutu. Abin da ke mutuwa shi ne na kewaye da shi: makunni, da ƴan wayoyin ciki, da bakin caji, da batir. Nan ne mai ƙera ta arha yake rage kuɗi. Robar jikinta ba ta jure faɗuwa, ƙurar hunturu na shiga makunnin, ruwa kuwa ko yayyafi ne ya gama da ita. Ta ƙwarai jikinta alminiyam ne, wanda ke janye zafi daga ƙwan, kuma akwai zoben roba a kowace mahaɗa don tare ruwa.

Sai maganar batir, wanda wasunmu ke kira pil. Da yawa daga cikin tocilolin cajin nan masu arha, ƙaramin batir mai dalma ne a ciki, dangin na babur. In ya ƙare aka bar shi makonni ba caji, shi ke nan ba ya ƙara riƙe wuta. Masu kyau suna aiki da batirin litiyam, galibi wanda ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. A nan a yi hattara. Na gaskiya ƙarfinsa bai cika wuce 3,500 mAh ba. In ka ga an rubuta 9,900 a jikinsa, ƙarya ce tsagwaronta. Ka ɗora shi a tafin hannu: na gaskiya yana kai wajen giram 45, jabu kuwa sakayau za ka ji shi.

Haka ma yawan haske, wanda ake aunawa da lumen. Kwalin ƴar tocila ta aljihu ya ce maka lumen 100,000, to ka yi dariya ka wuce. Kuma hasken minti biyar na farko ba shi ne abin dubawa ba. Mai arha takan tashi da haske tar, sai ta yi ta dushewa yayin da batir ke raguwa. Mai kyau tana da na'urar da ke daidaita wutar, haskenta ya tsaya yadda yake na tsawon lokaci. Batun ruwa kuma, a nemi alamar IPX. In IPX4 ce, tana jure fantsamar ruwa. In IPX7 ce, ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30 za ta tashi.

Kada dai a ce mun kushe mai arha gaba ɗaya. Tana da ranarta. In ta ɓata a kara ko yaro ya yar, ba ka yin baƙin ciki. Mai cin manyan batura kuwa, kowane ƙauye ka tsaya za ka samu batirinta wajen mai tebur, alhali mai caji in ta ƙare a daji sai haƙuri. Sai dai a riƙa cire baturan in an dawo gida, don suna yoyo su cinye ƙarfen ciki. Ita ma mai tsada tana da nata aibi: ɓarawo na son ta, jabunta ya cika kasuwa, kuma tsada kaɗai ba shaidar inganci ba ce.

Shawararmu ga ƴan ƙungiya ita ce, kowace mota ta tashi da tocila ɗaya ta ƙwarai a hannun wanda ke kan shanu, da batir na biyu cike da caji, sannan da mai arha guda a jaka saboda ko-ta-kwana. Wanda ya samu hali ya ƙara da ta goshi, don mai ɗaga sa yana bukatar hannuwansa biyu. Kafin ka biya, ka kunna ta, ka girgiza, ka ɗan buga ta a tafin hannu. In hasken ya yi rawa, mayar masa da abarsa. Ka zaɓi mai matakin haske ƙarami da babba, don ƙaramin ya isa ƙirgar kuɗi da duba bakin dabba, kuma shi ke kai ka asuba. Kada a bar ta gaban mota cikin rana, zafi na lalata batirin litiyam, har yana iya kamawa da wuta. Kada kuma a dalla wa direban da ke tahowa ko jandarma haske a ido.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun a gida a yi caji, a gwada. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka.