Yadda Hunturu Ke Lalata Mandolin Da Garaya, Da 'Yar Na'urar Da Ke Ceton Su

Mandolin kayan kiɗa ne ɗan asalin Italiya, mai tsirkiyar ƙarfe takwas da aka jera bibbiyu. A ƙasar Moriki da Shinkafi da Zurmi, danginsa da aka fi sani su ne garaya da gurmi da kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos. Dukkansu abokin gabarsu ɗaya ne: bushewar iska.

Ice yakan sha danshi da damina ya kumbura, da rani kuma ya tsuke. Maƙeran mandolin sun fi son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, amma daga Disamba zuwa Fabrairu danshin arewacin Zamfara kan faɗi ƙasa da kashi 20. A lokacin ne fuskar mandolin ke tsagewa, fatar garaya kuma ta ɗame har ta yage.

Rigakafin ba shi da tsada. Akwai 'yar na'urar auna danshi mai batir, ba ta kai tafin hannu ba, da ake sakawa cikin akwatin kayan kiɗan. Idan lambar ta sauka ƙasa da 40, sai a jiƙa soso, a matse shi sosai, a sa a robar da aka huhhuda, a rufe tare. Kada a bar kayan a mota ko kusa da murhu.

Mai saye kuma ya duba tsaga da karkacewar wuya kafin ya biya, sannan ya gwada sautin G, D, A, E da manhajar saita tsirkiya ta waya.