Birkin da jiki ke takawa da kansa

Tun 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a Isra'ila, suka tsamo sinadarin da ke bugar da mai shan wiwi, wato THC. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, me ya haɗa ƙwaƙwalwar mutum da ganye har take amsa masa? Sai a 1988 Allyn Howlett da William Devane, a Amurka, suka gano wani kwaɗo a jikin ƙwayoyin jijiya wanda THC ke buɗewa. Shi ake kira CB1. To, ba a rataya kwaɗo a gida babu mabuɗi. Aka dukufa nema. A 1992 aka samo mabuɗi na farko daga ƙwaƙwalwar alade, aka raɗa masa anandamayid, daga kalmar Sanskirit mai nufin ni'ima. Kwaɗo na biyu, CB2, ya fito a Kambrij a 1993, mabuɗi na biyu, 2-AG, a 1995.

Ƙwayoyin jijiya miƙa wa juna saƙo suke yi, daga wannan zuwa na gaba. Idan saƙo ya yi wa mai karɓa yawa, nan take sai ya haɗa 2-AG daga kitsen fatarsa, ya tura shi baya wurin mai aikowa: sassauta. Ba a tara shi a rumbu. Inda ake bukata ake haɗa shi, yana gama aiki wasu sinadarai, MAGL da FAAH, su narkar da shi da ɗan'uwansa anandamayid. Hayaƙin wiwi kuwa duk kwaɗunan yake buɗewa lokaci guda, ya bar su a haka na sa'o'i.

Shi CB2 ya fi yawa a jikin ƙwayoyin garkuwa, a saifa da jini, da kuma masu gadin ƙwaƙwalwa da ake kira maikuroguliya. Da kumburi ya tashi sai adadinsa ya ƙaru. Idan aka buɗe shi, ƙwayoyin kan rage fitar da sinadaran hura wutar kumburi irin su TNF, su kuma rage tururuwa zuwa wurin.

Shi ya sa hankali ya koma kan cutar MS, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta ci mayelin, farin kitsen da ke naɗe jijiya kamar robar wayar lantarki. Duk wanda ɓera ya taɓa gaigaye wa waya ya san sauran: wuta na zuwa tana ɗaukewa. Haka gani ke dushewa, hannu ya yi sanyi, ƙafa ta sandare cikin dare kamar taɓarya, sai an kama gwiwa da hannu biyu kafin ta lanƙwashe.

A ɓeraye abin ya ba da sha'awa. A 2000 David Baker da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa buɗe kwaɗunan na rage sandarewa da karkarwa, toshe su kuma na ƙara su. Ga mutane ma an samu wani abu: Sativex, ruwan da ake fesawa ƙarƙashin harshe ko cikin kumatu, kowace fesa da miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD, wani sinadarin wiwin. Kanada ta amince da shi a 2005, Birtaniya a 2010. Yana sassauta jijiya ga wasu, ba duka ba, yakan kuma kawo jiri.

Amma sassauta ƙafa daban, tsayar da cuta daban, kuma nan masu tallar man wiwi ke yi wa mutane rufa-rufa. John Zajicek na Filimot ya jagoranci gwajin CUPID: majinyata kusan 500, shekara uku, wasu na shan THC, wasu ƙwayar da ba komai a ciki. Da sakamako ya fito a 2013, cutar ta ci gaba da tafiyarta daidai wa daida a ɓangarorin biyu.

Taɓa birkin ma ba wasa ba ne. Rimonabant, maganin rage ƙiba mai toshe CB1, ya shiga kasuwar Turai a 2006, aka janye shi a 2008 saboda yana jefa mutane cikin ƙuncin rai. A Janairun 2016 kuma, a birnin Ren na Faransa, gwajin wani magani mai hana FAAH aiki ya kwantar da 'yan sa-kai a asibiti, ɗaya daga cikinsu bai tashi ba.